Haƙƙin 'yan haya da gyaran dokar haya: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa zaman haya ya san faɗuwar gaban da ake yi idan wa'adi ya ƙarato: za a ƙara kuɗi ne, ko za a ce ka tashi? Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi wa masu fafutukar gyara dokar haya, wasu daga 'yan haya, wasu daga masu gidaje, wasu kuma daga waɗanda ke ganin duk aikin banza ne. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga jiha zuwa jiha, don haka wanda yake cikin rigima da mai gidansa a yanzu ya nemi lauya ko ofishin ba da shawara na inda yake.

Gida ba na mai shi ba ne? Wane haƙƙi kuma ɗan haya yake nema?

Gini na mai shi ne, babu mai musun wannan. Amma daga ranar da ya karɓi kuɗi ya miƙa makulli, wurin ya zama muhallin wani. A nan yake kwana, daga nan 'ya'yansa ke tafiya makaranta, adireshin nan ya bayar a wurin aiki. Mai gida idan ya rasa ɗan haya, kuɗin wata ɗaya ko biyu ya rasa. Ɗan haya idan ya rasa gida, komai nasa ya dagule. Saboda wannan rashin daidaiton ne doka take shiga tsakani.

Kuma batun ba sabo ba ne. Sashe na 25 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948 ya ambaci muhalli. Sashe na 11 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu ya sake tabbatar da shi, kuma a 1991 kwamitin da ke kula da yarjejeniyar ya bayyana cewa tabbacin zama, wato kada a tashi mutum da ka, yana cikin ma'anar muhalli mai kyau, ko da kuwa haya yake yi.

Idan gyara ɗaya kaɗai za a samu, wanne za ku zaɓa?

A hana tashin ɗan haya ba tare da dalili ba. Mutane sukan yi tsammanin za mu ce kuɗin haya, amma ku duba yadda abin yake. A ce doka ta wajabta wa mai gida gyara rufi, ta hana shi ƙarin kuɗi na fitar hankali, ta ce ya riƙa ba da rasit. To amma ta bar masa damar ya ba ka notis duk ranar da ya ga dama ba tare da ya faɗi dalili ba. Wa zai yi ƙorafin yoyo? Wa zai ce ƙarin nan ya saɓa wa doka? Kowa zai ja bakinsa ya yi shiru, ya tara bokiti a tsakar ɗaki, domin ya san amsar ƙorafi ita ce takardar tashi. Sauran haƙƙoƙin duka a kan wannan ɗaya suke tsaye.

Ingila ta daɗe a cikin wannan hali. Sashe na 21 na dokar gidaje ta 1988 ya ba mai gida ikon karɓar gidansa da notis na wata biyu, ba sai ya kawo hujja ba. Ƙungiyoyin 'yan haya sun yi shekaru suna kuka da shi. Gwamnati ta yi alƙawarin soke shi a watan Afrilun 2019, amma dokar da ta soke shi ba ta samu sa hannu ba sai a watan Oktoban 2025. Maƙwabciyarta Sukotland ta riga ta: tun Disambar 2017 sabbin yarjejeniyoyin haya a can ba su da ranar ƙarewa, kuma sai da ɗaya daga cikin dalilan da doka ta lissafa ake tashin mutum.

Jamus kuwa, inda kusan rabin jama'a haya suke yi, ta daɗe da wannan tsari. Dole mai gida ya nuna dalili na halal, kuma tsawon notis yana ƙaruwa da daɗewar zama: wata uku da farko, wata shida bayan shekara biyar, wata tara bayan shekara takwas. Shi ya sa za ka ga mutum ya tsufa a gidan haya hankalinsa kwance, ya shuka furanninsa, ya san maƙwabtansa.

Kenan mai gida ba zai taɓa iya karɓar gidansa ba?

Zai iya. Duk dokokin da aka ambata sun yarda da dalilai irin su ƙin biyan haya, lalata gida, addabar maƙwabta, ko mai gida yana son ya shiga da kansa ko ya sa iyalinsa. Abin da ake nema shi ne ya faɗi dalilin, ya ba da isasshen lokaci, kuma idan an yi jayayya kotu ta raba. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ɗaukar doka a hannu: canza kwaɗo, cire ƙofa ko kwanon rufi, yanke ruwa da wuta, watso kaya waje. Kundin tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 1996 ya faɗa a sashe na 26 cewa ba a fitar da kowa daga muhallinsa sai da umarnin kotu. Faransa ta ƙara da nata: daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, lokacin tsananin sanyi, ba a aiwatar da fitar da ɗan haya, sai a wasu 'yan yanayi na musamman.

Wuri ɗaya da ya kamata a sa ido shi ne dalilin "zan shiga da kaina". Ƙofa ce da maƙaryaci ke bi. Doka mai kyau takan hana sake ba da gidan haya na wani lokaci bayan an yi amfani da wannan dalili, ta kuma ci tarar wanda aka kama.

Ƙayyade kuɗin haya yana aiki kuwa? Na ji masana tattalin arziki ba sa so.

Gaskiya ne da yawansu ba sa so, kuma ba mu da dalilin ɓoye hujjarsu. Binciken da aka fi kawowa shi ne na wasu masana daga Jami'ar Stanford, wanda aka wallafa a 2019, kan birnin San Francisco na Amurka. A 1994 birnin ya faɗaɗa ƙayyade haya zuwa ƙananan gine-ginen da aka yi kafin 1980. Waɗanda dokar ta samu a cikin gidajen sun amfana, sun fi daɗewa a unguwanninsu. Amma masu gidajen sun rage yawan gidajen da suke bayarwa haya da kashi 15 cikin ɗari, ta hanyar sayarwa ko rushewa da sake gini, abin da ya ɗaga haya a sauran birnin da kimanin kashi 5. An taimaki na ciki, an ƙuntata wa mai neman shiga.

Sai dai kalmar "ƙayyadewa" ta tattara abubuwa mabambanta. Daskarar da haya gaba ɗaya daban, hana ƙarin da ya wuce kima daban. Jihar Oregon ta Amurka a 2019 ta iyakance ƙarin shekara zuwa kashi 7 haɗe da hauhawar farashi, ta kuma tsame gine-ginen da ba su kai shekara 15 ba domin kada masu gini su janye. Kalifoniya a shekarar ta sa kashi 5 da hauhawar farashi, amma kada jimilla ta wuce kashi 10. A Jamus ba a ƙara wa ɗan hayan da ke ciki fiye da kashi 20 a cikin shekara uku, ko kashi 15 a garuruwan da gidaje suka yi ƙaranci. Irin waɗannan ba sa mayar da haya ta yi araha. Abin da suke hanawa shi ne a wayi gari a ninka maka kuɗi, wanda tashi ne da aka sake wa suna. Wannan ne ma dalilin da ya sa hana tashi ba dalili da iyakance ƙari suke tafiya tare: idan aka toshe ɗaya aka bar ɗaya, an gudu ba a tsira ba.

Akwai kuma darasin Balin, babban birnin Jamus, wanda bai shafi tattalin arziki ba sam. Birnin ya daskarar da haya a watan Fabrairun 2020. A watan Afrilun 2021 kotun tsarin mulki ta Jamus ta rushe dokar, domin ta ce hurumin majalisar tarayya ne, ba na birni ba. 'Yan haya da dama aka nemi su biya cikon abin da aka rage musu. Kafin a ɓata shekaru ana gangami, a fara sanin majalisar da take da ikon yin dokar.

Kuɗin ajiya, kuɗin dillali, da hayar shekara biyu a dunƙule fa?

Nan ne aka fi saurin cin nasara, domin ko wanda bai damu da siyasa ba ya taɓa ƙonewa. Matsalar kuɗin ajiya, wato wanda ɗan haya ke bayarwa jingina lokacin shiga gida, ita ce yana hannun wanda zai yanke hukuncin ko a mayar ko kada a mayar. Tun 2007 Ingila ta wajabta a sa shi a ƙarƙashin wani tsari mai zaman kansa da ke raba gardama idan an tashi, kuma mai gidan da ya ƙi, kotu tana iya sa shi ya biya har ninki uku. A 2019 aka iyakance shi zuwa hayar mako biyar a yawancin gidaje, aka kuma hana dillalai karɓar yawancin kuɗaɗen da suke ɗora wa ɗan haya. Jihar Niyok ta Amurka ta tsayar da shi a hayar wata ɗaya a wannan shekarar. Dokar Afirka ta Kudu ta 1999 ta ce a ajiye shi a asusun banki, ribar da ya tara kuma ta ɗan haya ce.

Kan dillali, ƙa'idar da Jamus ta kafa a 2015 mai sauƙi ce: wanda ya kira dillali shi zai biya shi.

Biyan haya ta gaba mai yawa kuwa yana mayar da talaka mai ba mai kuɗi rance ba da son ransa ba. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta hana karɓar fiye da wata shida. Dokar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Sai dai a duka wuraren biyu kowa ya san ana karya su a fili, wanda ya kai mu ga tambaya ta gaba.

Dokokin da ake da su ma ba a bin su. Mene ne amfanin sababbi?

Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta ita ce rabin fafutukar ba a kan sabuwar doka take ba, a kan haƙoran da za a sa wa tsohuwa ne. Dokar da sai ɗan haya ya ɗauki lauya, ya bar aikinsa, ya yi shekara yana zaryar kotu kafin ta yi masa amfani, ta masu hali ce. Abubuwa uku ne ke sa doka ta ciji: wurin kai ƙara mai sauri kuma kyauta, hukumar da za ta bi sawu ba sai an kai mata kuka ba, da tarar da ta fi ribar karya dokar. Afirka ta Kudu ta kafa kotunan haya na musamman a larduna, inda ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Birnin Niyok kuma a 2017 ya zama na farko a Amurka da ya ba ɗan haya mai ƙaramin ƙarfi haƙƙin samun lauya kyauta idan an kai shi kotu don a tashe shi. Kafin nan, kusan duk masu gidaje da lauyoyinsu suke zuwa, 'yan haya kuma su zo su kaɗai, su sa hannu a kan abin da ba su fahimta ba.

Rajistar masu ba da haya ma tana da amfani, ko da yake ba ta da armashin da za a rubuta a kwalin zanga-zanga. Hukumar da ba ta san gidajen haya nawa ne a yankinta ba, ba ta da ta cewa.

Mai gidana ya ƙi gyara. Zan iya riƙe haya har sai ya gyara?

Kada ka yi sai lauya ya tabbatar maka dokar wurinku ta yarda. A wurare da yawa riƙe haya yana ba mai gida hujjar da bai da ita a da. Rubuta masa, ka ajiye kwafi, ka ɗauki hoto mai kwanan wata, ka ci gaba da biya ta hanyar da za ta bar shaida.

A matakin doka, abin da ake nema shi ne wa'adi. "Mai gida zai gyara cikin lokacin da ya dace" magana ce da ba ta kama kowa. A garin Rochdale na Ingila, wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ya rasu a watan Disambar 2020, kuma binciken hukuma ya gano cewa daɗewa cikin funfunar da ta cika gidansu ce sanadi, bayan iyayensa sun yi ta kai kuka. Dokar da aka sa wa sunansa ta fara aiki a watan Oktoban 2025 a gidajen hukuma da na ƙungiyoyin gidaje, kuma ta sa kwanaki ƙididdigaggu na bincike da gyara.

Yajin biyan haya fa?

Ya taɓa canza tarihi. A 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, masu gidaje a birnin Glasgow na Sukotland suka ƙara haya alhali maza suna fagen daga. Mata, ciki har da Mary Barbour, suka shirya ƙin biyan ƙarin, suna gadin ƙofofi suna korar masu zuwa fitar da kaya. Zuwa Nuwamba gidaje kusan 20,000 sun shiga, ma'aikatan tashoshin ƙera jiragen ruwa suka mara musu baya, kuma kafin shekarar ta fita majalisar Birtaniya ta mayar da hayar ƙananan gidaje yadda take kafin yaƙi.

Amma ku lura da abin da ya sa ya ci: yawa, tsari, da goyon bayan ma'aikatan da gwamnati ba ta iya yi sai da su. Mutum biyar a gini ɗaya su daina biya ba tare da shiri ba, kansu kawai za su jefa a rami. Makami ne na ƙarshe, kuma masu yin sa da hankali sukan tara kuɗin a asusu ɗaya don a ga ba gudun biya suke yi ba.

Yaƙi kuke yi da masu gidaje? Ni gida ɗaya gare ni, da shi nake cin abinci.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda yake ba da rasit, yake gyara abin da ya lalace, ba ya tashin mutane don ya huce haushi, kusan babu abin da waɗannan dokoki za su canza masa. Hasali ma kotun haya mai sauri ta fi yi masa amfani, domin shi ne ba ya iya jure shekara guda ɗan haya bai biya ba. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan haya su riƙa faɗin wannan da babbar murya, su kuma yarda cewa akwai 'yan haya marasa kirki. Manyan kamfanoni sun iya ɓuya a bayan tsohuwa mai ɗaki biyu duk lokacin da aka kawo ƙudurin doka. Idan aka saurari tsohuwar tun farko, an ƙwace musu wannan garkuwa.

Ba gina ƙarin gidaje ne ainihin magani ba?

Magani ne, kuma duk mai fafutukar da ke adawa da sabon gini a unguwarsu yana saran reshen da yake zaune a kai. Suwidin ta nuna haka. Ƙungiyar 'yan hayanta tana da mambobi fiye da rabin miliyan, kuma ita ke zama da masu gidaje a yi cinikin haya duk shekara, amma a Stockholm, babban birnin ƙasar, mutum yakan yi shekaru a layi kafin ya samu gida. Vienna, babban birnin Ostiriya, ta bi ta ɗaya hanyar tun shekarun 1920: hukumar birnin ta mallaki gidaje kusan 220,000, kuma wannan yana rage wa 'yan kasuwa ƙarfin tsawwalawa. Sai dai gini yana cin shekaru, notis kuma wata biyu ne. Wanda za a tasa a watan gobe ba zai kwana a gidan da ke kan takarda ba.

Daga ina ake farawa?

Daga ƙofar maƙwabcinka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an zauna tare ake gane cewa yoyon na kowa ne. Ku ƙwanƙwasa ƙofofi, ku tambayi abin da ya fi damun mutane, ku rubuta. Ku zaɓi abu ɗaya da za a iya samu cikin 'yan makonni, kamar gyaran famfo ko fitilar matakala, ku rubuta wasiƙa ɗaya kowa ya sa hannu. Ƙaramar nasara ita ke kawo mutane taro na biyu; dogon jawabi kan tsarin jari-hujja ba ya kawo kowa.

Ku raba aiki tun da wuri, kada komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya, domin 'yan haya masu tashi ne, ranar da ya ƙaura ƙungiya ta mutu. Idan za a tara kuɗi, a rubuta shiga da fita kowa ya gani. Ku nemi ƙungiyoyin ƙwadago, na ɗalibai, da lauyoyin da ke aikin sa kai. A matakin duniya akwai Ƙungiyar 'Yan Haya ta Ƙasa da Ƙasa da aka kafa a Zurich a 1926, kuma Litinin ta farko a watan Oktoba ita ce ranar 'yan haya ta duniya, lokaci mai kyau na jawo hankalin 'yan jarida.

Yaya ake shawo kan ɗan majalisa?

Da buƙata takamaimai. "A tausaya wa 'yan haya" zai gyaɗa kai ya yi hoto da ku. "A mayar da notis wata shida, ga sashen da za a gyara, ga yadda za a rubuta shi" dole ya ce e ko a'a. Ku je da mutanen mazaɓarsa, da takardun tashi na gaske bayan an goge sunaye, da adadin gidajen da kuka zagaya. Ku halarci zaman jin ra'ayin jama'a, ku miƙa bayani a rubuce. Sannan ku bi ƙudurin har ɗakin kwamiti, domin a can ake zare masa laka: a sa "sai dai idan", a tsame rabin gidaje, a ɗage ranar fara aiki. Masu gidaje suna da wakilai a wannan ɗaki kullum.

Ina tsoron idan na shiga, mai gida zai tashe ni.

Tsoronka yana kan hanya, kuma ba wanda ya isa ya yi maka alƙawarin ba zai faru ba. Wasu dokoki sun haramta ramuwar gayya a kan wanda ya yi ƙorafi ko ya shiga ƙungiya, wasu ba su ce komai ba. Ka bincika taku. Kada ka bari a bi ka bashin haya, ka adana kowace takarda da saƙon waya, kuma kada sunanka ya fito shi kaɗai. Tashin gida ɗaya abu ne mai sauƙi, tashin gida talatin a lokaci guda asara ce da surutu. Akwai kuma aikin da ba a ganin fuska: tattara bayanai, fassara takardu, riƙon yara lokacin taro.

Sai yaushe za a ga sakamako?

Gyaran famfo, wataƙila wata guda. Gyaran doka, shekaru. Daga alƙawarin Ingila zuwa sa hannu an yi fiye da shekara shida, an canza firaminista sau da dama, ƙudurin farko ma ya mutu da aka rushe majalisa don zaɓen 2024, sai da aka sake gabatar da wani. A Balin, a watan Satumbar 2021, mutum fiye da miliyan ɗaya suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da a karɓe gidajen kamfanonin da suka mallaki gidaje fiye da 3,000 a mayar da su na jama'a. Ƙuri'ar ba ta ɗaure gwamnati ba, sai aka kafa kwamitin masana. A 2023 kwamitin ya ce abin yana yiwuwa a tsarin mulki, masu fafutukar kuma suka koma rubuta cikakken daftarin doka da kansu, domin a karo na biyu abin da za a kaɗa wa ƙuri'a ya zama dokar ce kanta.